Yadda na haɗa batirin da na ƙera da hannuna da na kanti, da abin da ya ci min

Ni sana'ata gyaran laftof ce, ina da ɗan shago nan cikin Sakkwato, gidana kuma yana wajen Mabera. Tun da anka cire tallafin mai ƙarshen watan Mayun 2023 na san zamanmu da janareto ya zo ƙarshe, don abin da nike samu a shago ba zai ɗauki man inji da cefane a lokaci guda ba. To a shagon nan akwai wani buhu da nike zuba matattun batiran laftof, kuma duk mai wanga aiki ya san in ka fasa batir guda za ka tarar da ƙwayoyi shida galibi, irin waɗanda ake kira 18650, sau da yawa ɗaya ko biyu ne sunka mutu sauran lafiyarsu lau. Haka na fara bin shagunan abokan sana'a ina saye da araha, ina fasawa da dare ina gwada su huɗu-huɗu a ɗan injin gwaji, duk wadda ta yi zafi ko ta kasa riƙe caji in jefar. Wata takwas na yi a kan haka har yatsuna sunka yi kanta, ƙarshe na tsira da ƙwaya 560 masu kyau, na ɗaure su arba'in-arba'in sahu 14, na sa musu ɗan BMS mai araha wanda ke ɗaukar am 60, am kuwa awon yawan wutar da ke wucewa ne, BMS ɗin nan shi ne ɗan allon da ke tsaron batir kada caji ya wuce kima ko ya zuƙe ƙarƙaf. Ya ba ni kamar kilowat-awa 4, na haɗa da ƙaramar inbata da faifan sola huɗu, kuma wallahi ya yi muna rana, fanka da fitilu da cajin waya duk ba mu rasa ba.

Matsalar ta taso ne da azumin 2024 wanda ya faɗo tsakiyar Maris zuwa Afrilu, wanda duk ya san Sakkwato ya san mi wannan ke nufi, zafi ya haura digiri 40 kusan kullum, uwargida kuma tana sana'ar ƙanƙara da kunun aya, firiza biyu. Batirina in ya ɗauki firiza guda da fankoki, ƙarfe biyun dare ya kwanta, da safe ƙanƙara ta zama ruwa ita kuma ta tashi da fushi. Sai munka yi shawara munka tara kuɗɗi har ƙarshen shekara, na sai da wani ɗan fili da nike da shi, na tahi wani shagon sola na sayi inbata 5kVA da batirin bango irin na kamfani, an rubuta 51.2V 100Ah a jikinshi, wato kilowat-awa 5 da ɗan kai, batirin kaɗai naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da hamsin. Kuskurena na farko a nan ne. Na tsaya ina ta ciniki a kan dubu ashirin, ban buɗe baki na ce wa Alhaji mai shagon ina da wani batir a gida zan haɗa su ba, takardar garanti ma ninke ta na yi na sa aljihu ban karanta ba. A lissafina huɗu da biyar tara, dukkansu kuma bolt 48 ake ce musu, ina ruwan wani.

Yaron da Alhajin ya turo ya zo ya kafa inbata ya rataye batir ya jona wata siririyar waya irin ta intanet tsakanin batir da inbata, ya ce ta nan suke magana da juna, ya karɓi dubu talatin da biyar. Da ya gama na nuna mishi nawa na ce ka haɗa min wanga ma. Ya ɗan yi shiru, ya duba, ya ce "Oga ai 48 ne ko? In dai 48 ne ba matsala, ja da ja baƙi da baƙi." Ni da nike fasa batir shekara da shekaru ya kamata in ce tsaya mu sa mita, amma zumuɗi bai bar ni ba. Nawa ya wuni a rana ya cika maƙil yana wajen bolt 58, na kanti kuma ya zo da rabin caji yana 52 da rabi. Yana ɗora wayar sai ji munka yi fau, tartsatsi ya tashi har kan wayar ya narke ya manne, wari ya cika ɗakin, batirin bango ya kunna jar fitila yana ƙara, uwargida ta fito da gudu tana salati ta kwashe yara zuwa waje. Da munka duba, ɗan BMS ɗina ya ƙone ƙurmus, na kanti kuma ya kulle kanshi ya ƙi tashi. Yaron nan ya ce zai je ya ɗauko wani abu ya dawo. Har yau bai dawo ba. Daren nan ban yi barci ba, miliyan ɗaya da rabi na rataye a bango tana min jar fitila, ga filin an riga an sayar.

Washegari na kira keke napep, ni da ƙanena munka ciccibi batirin, ya kusa kilo 50, munka kai shagon. Alhaji baya nan wai ya tahi Kano, mai duba kayan kuma sai bayan la'asar, haka na zauna a benci tun ƙarfe goma ina kallon masu saye suna shiga suna fita. Da mai dubawar ya zo ya jona laftof, nan na san wani abu da ban sani ba, ashe batiran nan suna rubuta duk abin da ya same su da rana da lokaci. Ya juyo da fuskar laftof ɗin ya ce "Malam mi kunka haɗa mishi jiya da yamma? Wuta ta shige shi fiye da ƙima." Ban yi gardama ba na faɗi gaskiya. Ya danna wasu abubuwa batirin ya tashi lafiya lau, ashe kariya ce ya yi wa kanshi ba lalacewa ba, na yi hamdala har da ƙwalla. Dubu goma ya karɓa. Bayan kwana uku da Alhaji ya dawo na koma, ya buɗe min takardar garantin nan da ke aljihuna ya nuna min layin da ya ce ba a haɗa batirin sai da ɗan'uwanshi, kamfani ɗaya samfuri ɗaya, in ka haɗa da wani garanti ta faɗi. Ya ce wannan karon zai rufe ido tunda ba abin da ya lalace, amma shawararshi in ƙaro na biyu irinshi. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai shi ma ɗan kasuwa ne, ni kuma ba ni da wata miliyan ɗaya da rabi.

Sati biyu ina yawo da maganar a kaina, duk mai sola da na tambaya amsarshi daban, wani ya ce haram ne gidanka zai ƙone, wani ya ce shi kullum yana yi. Ƙarshe wani kwastomana ya haɗa ni da wani malami mai koyar da lantarki, dattijo, ya ce in same shi gida bayan sallar isha'i. Na tahi da littafin batirin da hotunan nawa. Abin da ya fara tambayata shi ne ƙwaya nawa ke jere cikin kowanne kuma wane irin sinadari ne, ya ce 48 ɗin nan suna ne kawai kamar a ce maka buhu, buhun gero da na gawayi ai ba nauyinsu ɗaya ba. Ya ɗauki biro ya yi min dalla-dalla. Ƙwayar laftof tana zama wajen bolt 3.7, in ta cika 4.2, sahu 14 kenan 58.8 in ya cika. Na kanti kuma LiFePO4 ne, ƙwayarshi 3.2 ce, iyakar cikarta 3.65, guda 16 a jere shi ya ba da 51.2 ɗin da anka rubuta, kuma ya ce in kiyaye don akwai kamfanonin da ke sa guda 15 kawai su ma su kira shi 48. Sannan halinsu ba ɗaya ba ne, shi LiFePO4 kusan duk ƙarfinshi yana zaune ne tsakanin 52 da 53 da ɗoriya, ba ya motsawa sosai sai ya kusa ƙarewa, na laftof kuwa a hankali yake gangarowa tun daga sama har ƙasa, don haka ko ka daidaita su ka haɗa, wani lokaci ɗaya na aiki ɗaya na hutawa, wani lokaci ma ɗaya na zuba wa ɗaya. Game da tartsatsin kuma ya ce bambancin bolt biyar da rabi a wayar da ba ta da wata turjiya, ruwa ne ka buɗe daga tanki zuwa rijiya ba famfo, a ƙiyasinshi abin da ya wuce ya haura am 150, na 60 ina zai iya.

Na ce to Malam mi ya kamata in yi. Ya ce hanya uku ce. Ko in raba su kowa da inbatarshi da kayan da yake ɗauka, ko in sa na'urar da ke shiga tsakani tana ɗebo wuta daga ɗaya tana zuba wa ɗaya da awo, amma mai ƙarfi tana da tsada kuma tana cin wani abu daga wutar, ko kuma in sake ƙera wani batirin da LiFePO4 ƙwaya 16 daidai da na kanti in haɗa su bisa ƙa'ida. Ya kuma ce min wata magana da ba ta yi min daɗi ba, wai batirin laftof ɗin nan ƙwaya 560 da ba a san tarihin kowacce ba bai kamata ya kwana ɗaki guda da iyali ba, don irinshi in ƙwaya guda ta kama takan kunna maƙwabtanta kuma kashe shi aiki ne, LiFePO4 ya fi shi haƙurin zafi nesa ba kusa ba. Na ji haushi, wata takwas fa na yi. Amma da na tuna yadda uwargida ta kwashi yaran nan sai na yi shiru. Bai karɓi ko sisi ba, da ƙyar ya yarda na gyara mishi laftof ɗin ɗiyarshi.

Na zaɓi in haɗa ta farko da ta uku. Ƙwayoyin LiFePO4 ban same su a Sakkwato ba, sai wani ɗan kasuwa a Legas da anka ba ni lambarshi, 100Ah kowacce dubu 38, guda 16 dubu 608, ya yi min bidiyo yana sa musu mita kafin in tura kuɗɗi. Ya ce kwana huɗu. Kwana tara anka yi, kullum ina tasha ina tambayar motar, yau a ce tana Kwantagora gobe a ce ta lalace a hanya, kuɗin kawowa dubu 18 ban da na masu sauke kaya. Da na buɗe kwali a gida na sa mita, 15 suna bolt 3.29 kamar an auna, guda kuma cikinta ya ɗan kumbura tana ƙasa da sauran. Nan anka shiga waya, ya ce a hanya ne, na ce ka duba bidiyonka, sai da wanda ya haɗa mu ya sa baki ya yarda ya canza amma ni na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, wani sati ya tafi. Don Allah duk mai sayen ƙwayoyin nan daga nesa ya ɗauki bidiyo tun daga yanke selotef ɗin kwali, shi ya cece ni.

Sai aikin daidaita su, wanda shi ne ya fi cin rai don ba abin da kake gani yana motsi. Dole duk ƙwayoyin su cika daidai wa daida kafin su fara aiki tare, in ba haka ba guda za ta riga sauran cika BMS ya yanke alhali sauran da saura. Malam ya ara min injin caji na teburi mai am 10, ya ce in na haɗa su 16 gefe da gefe, wato ja da ja baƙi da baƙi, tun daga rabin caji da wanga ɗan inji zan kwana huɗu ko biyar ba tsayawa, mu kuma wa ya ga wutar kwana biyar a jere. Dabarar da ya ba ni ita ce in fara jera su da sabon BMS in yi musu caji da sola har su kusa cika, sannan in kwance in haɗa su gefe da gefe in ƙarasa da ɗan injin zuwa 3.65. Ko da hakan sai da na yi kwana huɗu ina yi da rana kawai. BMS ɗin wannan karon ban yi rowa ba, na sayi mai am 150 mai Bluetooth wanda ke nuna kowace ƙwaya a waya, dubu 85. Da na gwada ƙarfin duka sai na samu wajen 90Ah maimakon 100, ƙwaya biyu ne ke ja da sauran baya, a jeri kuwa mai rauni ita ce ke yanke hukunci. Na haƙura, araha ba ta ado.

Ranar haɗawa Malam da kanshi ya zo, wata Asabar da hantsi, saura kwana kaɗan azumin 2025 ya kama. Ya sa na sayi sandunan jan ƙarfe guda biyu, ja da baƙi, kowane batir ya zo da wayarshi ya sauka a kai, inbata ma haka, ba wai a ɗora wani a kan wani ba. Wayoyin masu kauri irin waɗanda ake kira 35mm kuma tsawonsu ɗaya har da awo da tef, don wanda wayarshi ta fi gajarta shi zai riƙa shan wahala. Kowane batir da fis ɗinshi kusa da kanshi da kuma bireka ta DC. A nan ma na so in yi wayo da birekar gida da nike da ita ya hana, ya ce wutar NEPA tana komawa sifili sau 100 a daƙiƙa shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kanshi, ta batir kuwa ba ta komawa, in ta kama sai ta ci birekar. Kayan nan sun ci dubu 120, akwatin ƙarfe wajen mai walda dubu 25. Munka cika batiran biyu daban-daban munka bar su sunka huta awa biyu, ya sa mita, bambancin bolt 0.1 ne, ya ce shi in ya haura 0.2 baya haɗawa. Uwargida ta riga ta tura yara maƙwabta ta tsaya bakin ƙofa da mayafi a hannu. Ya ce bismillah ɗaga. Na ɗaga bireka hannuna na rawa, shiru, ko ƙyas. Mitar da ya maƙala a waya ta nuna am uku na wucewa, cikin minti kaɗan ya koma kusan sifili.

Wayar maganar nan tsakanin inbata da batirin kanti mun bar ta yadda take, amma ku san abin da hakan ke nufi don ni ya ruɗe ni satin farko. Inbata ba ta san da nawa ba sam, kason da take nunawa na batirin kanti ne shi kaɗai, nawa sai na buɗe waya nike gani. Haka kuma caji, iya abin da na kanti ya ce a ba shi, a wajena am 50, shi inbata ke sakowa su raba su biyu, in ya ce ya ƙoshi ta tsaya ko da nawa da ɗan saura. Da faifan da nike da su wannan bai dame ni ba, amma mai faifai da yawa zai ga rana na tafiya a banza. Rabon aikin ma ba rabi da rabi ba ne, na kanti yakan ɗauki kamar kashi 55 nawa 45. Kuma Malam ya ja kunnena cewa in ɗaya ya yanke cikin dare duk kayan kan ɗayan za su koma, inbata 5kVA in ta cika tana jan wajen am 100, don haka kada in kunna famfon ruwa da dutsen guga da firiza biyu lokaci guda ina taƙamar batir biyu gare ni.

Tsohon batirin laftof na sai mishi sabon BMS na dubu 30, na fitar da shi tsakar gida cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rumfa nesa da ɗakin kwana, bokitin yashi a gefe, da tsohuwar inbatarshi da faifai biyu, fitilun waje da fankar zaure da cajin wayoyin maƙwabta kawai yake ɗauka, kuma na rage cikarshi zuwa bolt 56, wato 4.0 kowace ƙwaya, don ya rage zafi ya ƙara kwana.

In da zan koma baya, kafin in biya ko naira zan tambayi ƙwaya nawa ne a ciki, 15 ko 16, in karanta takardar garanti a tsaye a shagon, kuma ba wanda zai sake taɓa min waya ba mita a hannunshi. Zancen riba kuma kada in yaudare ku, da na tattara komi har kuɗin keke da abin da ya ƙone na kashe sama da dubu ɗari tara, bambancin da sayen na biyu na kanti kamar rabin miliyan ne, a kan haka na sarayar da garantin shekara biyar, na sani kuma na yarda, in ya lalace gobe ba ni da bakin zuwa wajen Alhaji. Wanda ba ya iya riƙe mita da sifana, ko ba shi da wani kamar Malam kusa, ni dai ba zan ce mishi ya bi hanyata ba, ya tara ya ƙaro irin nashi ya huta.

Abin da ban gama da shi ba shi ne zafi. Cikin Afrilun 2025 wayata ta nuna min batirin da na ƙera ya kai digiri 46 da la'asar, ɗakin rufin kwano ne kuma yana fuskantar yamma, zafi kuwa shi ke tsofar da batir da wuri ko wane iri ne. Na sa ƙaramar fanka tana hura su na kuma jingina zana a bangon waje, ya sauko zuwa 41. Uwargida ta sai da ƙanƙara azumin 2025 tun daga farko har salla, firiza biyu ba wadda ta narke, yanzu ita ce ma ke leƙa wayata da asuba tana tambayar kashi nawa ya rage. Magini ya zo ya auna min ɗan ɗakin ƙasa ta gefen arewa inda rana ba ta duka, ya ce dubu ɗari da sittin, na ce ya bari sai bayan damina.